Shagon canjin da nake tura kuɗi Sudan ta hannunsa a Wapa, yabo da ɗan suka

Duk mai ɗan uwa a Sudan ya san tura kuɗi can ba irin tura kuɗi Nijar ko Gana ba ne, ba wai ka buɗe waya ka danna shikenan ba. Ni shekara da shekaru ta hannun wani Alhaji nake turawa, shagonsa na Wapa nan Fagge. Ba zan faɗi sunan shagon ba sabida akwai inda zan yabe shi akwai kuma inda zan ɗan taɓa shi, kuma ba talla aka biya ni in yi ba. Wanda ya san Wapa ya san irin shagunan dai, ɗan ɗaki, tebur, injin ƙirga kuɗi, wayoyi reras a gaban mutum ɗaya, ga yara a bakin titi suna tare motoci, Alhaji dala ce ko riyal? In amsa kake so a gurguje to kuɗi na isa, ban taɓa asarar ko kwabo a hannunsa ba, amma kamashonsa da zafi kuma takardar da zai ba ka ba wadda za ka kai kotu ba ce.

Waje biyu nake turawa. Da farko ƙanwata ce lokacin tana karatun likita a Jami'ar Afirka da ke Khartoum, wadda ɗaliban Arewa suka cika a lokacin, sai kuma dangin mahaifiyarmu da ke Mai Wurno kusa da Sinnar, garin nan da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903. Har gobe Hausa da Fillanci ake yi a can, in kawu ya kira ka sai ka rantse daga wani ƙauyen Sakkwato yake magana, sai dai Larabci da ke ɗan faɗowa tsakani.

Yadda aikin yake kafin yaƙin 2023 ba wani abu ba ne mai wuya. Ka kai nairarka, ko ka yi masa tiransifa ka tura hoton alat ta WhatsApp, ya gaya maka farashin ranar, wato fam nawa na Sudan zai fita a can. Sai ya ɗaga waya ya kira abokin hulɗarsa, da can mutumin a Suk al-Arabi yake a tsakiyar Khartoum, su yi ta gauraya Larabci da Hausa, ya ba ka lambar waya da wata 'yar lamba ta sirri, wanda ka tura wa ya kira ya je ya faɗi lambar a ƙirga masa kuɗinsa. Nairarka ba ta bar Kano ba, fam ɗinsu bai bar Khartoum ba, su biyun ne suke daidaita lissafinsu daga baya ta Dubai ko Jidda ko ma da kaya. Na taɓa ce masa to Alhaji in wancan ya ci amana fa? Ya yi dariya ya ce Malam, ubansa da ubana tare suka yi Hajji ta ƙasa, ina zai gudu ya je? Sauri kam ba a magana, in ka ba da safe kafin la'asar an karɓa, sai dai ka tuna Juma'a da Asabar hutu ne a can kuma suna gaba da mu da awa ɗaya.

To me ya hana banki? Ai banki na fara zuwa kamar kowa. Ma'aikaciyar na ganin sunan ƙasar a fom ta ajiye biro ta ce Yallaɓai wannan ba zai wuce ba, ko mun karɓa a nan dala sai ta bi ta New York, can kuma da sun ga Sudan za su riƙe kuɗin. Ba laifinta ba ne ba laifin bankin ba ne. Tun watan Agustan 1993 Amurka ta sa Sudan a jerin ƙasashen da take zargi da ɗaukar nauyin ta'addanci, zamanin Clinton, sannan a Nuwamban 1997 ta ƙara da takunkumin kasuwanci gaba ɗaya. Shiga jerin nan ba suna kawai ba ne, yana nufin ba tallafin Amurka, ba makamai, in ka nemi bashi a Bankin Duniya ko IMF wakilin Amurka dole ya ƙi amincewa, kuma ana iya maka gwamnatinka a kotun Amurka a ci ta tara. Abin da ya ƙarasa tsorata bankuna shi ne 2014, da aka ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar dala biliyan 8.9 kan mu'amala da Sudan da Iran da Kuba. Daga nan hatta bankunan Saudiyya da na ƙasashen Larabawa da suke ɗan taɓawa suka janye hannu. Daidai lokacin ne ƙanwata ke tsakiyar karatu, ga kuɗin makaranta ana neman dala, ga haya, ga abinci. Wallahi ba don irin su Alhaji ba da ɗalibai da yawa sun tattara sun dawo gida.

Ni fa ba na cikin masu cewa sharri kawai aka ƙulla wa gwamnatin Omar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, duk da in ka zauna a benci a shagon nan za ka ji masu faɗin haka kullum, wai don Musulmi ne. Haba. Bayan juyin mulkin 30 ga Yunin 1989 Bashir da Hassan al-Turabi, jagoran masu kishin Islama da ke bayansa, sun buɗe ƙofa sosai, kowa ya zo. Usama bin Laden ya zauna a Khartoum daga 1991 zuwa 1996, gidansa a unguwar Riyad, yana da kamfanin gine-gine da gonaki, har titi ya yi musu, ba a ɓoye yake ba. Carlos ɗan Benezuwela ɗin nan da Faransa ta daɗe tana nema kan ta'addanci a Khartoum yake zaune, sai a 1994 suka miƙa shi da suka ga abin zai amfane su. A Yunin 1995 aka buɗe wa motar Hosni Mubarak wuta a Addis Ababa, 'yan ƙungiyar Masar ne suka yi amma sawun ya biyo ta Sudan, har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi a miƙa mutum uku, da ba a miƙa ba ya sa nasa takunkumin a 1996. Wannan ba Amurka kaɗai ba ce, Habasha da Masar maƙwabta ne kuma su suka fi kowa ɗaga murya. Sannan wanda ya ga abin da gwamnatin nan ta yi a Darfur daga 2003 ba zai tsaya yana mata rantsuwa ba.

Amma kuma ɗaya ɓangaren ma da nasa. Ranar 7 ga Agustan 1998 aka tashi bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam, mutum 224 suka mutu, 12 ne kawai Amurkawa sauran kusan duk 'yan Afirka ne masu wucewa da ma'aikata. Ranar 20 ga watan Amurka ta harba makamai masu linzami ta rusa kamfanin haɗa magunguna na Al-Shifa a Bahri, wato Khartoum ta Arewa, wai ana haɗa sinadarin makami mai guba a ciki, hujjarsu ƙasa ce da aka ɗebo a kusa da wurin. Kamfanin da ke yi wa ƙasar babban kaso na magungunanta, har da na zazzaɓin cizon sauro da na dabbobi. Sudan ta ce a turo masu bincike daga Majalisar Ɗinkin Duniya su duba, ba a turo ba. Mai kamfanin, Salah Idris, an riƙe masa dala miliyan 24, ya kai ƙara, a 1999 aka sake masa kuɗinsa shiru ba tare da an je gaban alƙali an kawo hujja ba. Kai ka yi hukunci da kanka. Kuma bin Laden a lokacin ya shekara biyu da barin ƙasar, yana Afghanistan.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba wannan ba ne. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 hukumar leƙen asirin Sudan ta koma aiki da CIA hannu da hannu, shugaban hukumar ta Sudan Salah Gosh har jirgi aka turo aka ɗauke shi zuwa Washington a 2005, daidai lokacin da Darfur ke ci da wuta. Rahotannin ma'aikatar harkokin wajen Amurka da kansu suna yabon haɗin kan da Sudan ke bayarwa wajen yaƙi da ta'addanci, amma sunanta na nan a jeri. An yi musu alkawarin za a duba cire su in sun bar Sudan ta Kudu ta yi ƙuri'ar raba gardama, Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, suna na nan daram. Kenan jerin ya tashi daga maganar ta'addanci ya koma igiyar ja. Ba kuma a kan Sudan aka fara ba, Iraƙi an cire ta a 1982 sabida ana son a taimaki Saddam ya yaƙi Iran, da ya shiga Kuwait a 1990 aka mayar da ita. Manyan gwamnati kuwa ba su taɓa rasa hanyar fitar da kuɗinsu ba, suna da zinariya suna da Dubai. Ɗalibi ne bai iya biyan kuɗin jarrabawa ta intanet, asibiti ne bai iya sayo kayan gyaran na'ura, jiragen sama da na ƙasa suka lalace ba kayan gyara. Ƙanwata ko manhaja za ta sauke a waya sai ta bi ta bayan gida da VPN.

Su kuwa 'yan canji kakarsu ta yanke saƙa. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, na faɗa wa Alhaji haka ido da ido, ya ce to Malam ni na sa su a jerin? Gaskiyarsa. Amma in ba ka da wata hanya sai shi, farashin da ya yanka shi ne farashi, kuma a nan ne sukata ta farko take. Ba ya rubuta kamasho daban, a cikin farashin canjin yake cusa shi, sai ka tambayi na can nawa dala take a kasuwa yau ka yi lissafi da kanka sannan ka ga abin da aka ci a kanka. Naira zuwa dala ya ci, dala zuwa fam ya ci. Sannan in farashi ya motsa tsakanin safe da yamma, in motsin ya amfane shi da sabon farashi zai yi maka, in kai ya amfana sai ya ce ai mun riga mun gama magana tun safe. Wannan halin ba ya burge ni ko kaɗan.

Sai dai in za a yi adalci, akwai shekarun da ko an buɗe maka banki ba za ka bi ta can ba. A farkon 2021 misali, gwamnatin Sudan ta ƙayyade dala a fam 55, a kasuwa kuwa ta haura 300, wa zai tura wa uwarsa kuɗi ta banki a ba ta kashi ɗaya cikin shida? Don haka duk da cin da Alhaji ke yi abin da ke isa hannun kawu ya ninka na banki nesa ba kusa ba.

A Oktoban 2017 Trump ya ɗage takunkumin kasuwanci, muka yi murna muka ce an huta. Ina. Bankuna suka ce ai sunan na nan a jeri, ba wanda zai sa wuyansa. Aka kifar da Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019 bayan watanni ana zanga-zangar da ta faro daga tsadar burodi, Abdalla Hamdok ya zama firaminista, shi ne ya yi ta zarya. Sharaɗin da aka gindaya shi ne diyya, dala miliyan 335, na waɗanda harin ofisoshin jakadanci ya shafa da na jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Cole da aka kai wa hari a Aden ta Yemen a Oktoban 2000 sojoji 17 suka mutu, da wani ma'aikacin agaji ɗan Amurka da aka harbe a Khartoum a 2008. Ka duba fa, mutanen da suka fito titi aka harbe su don su kori Bashir, su ne aka sa suka biya bashin Bashir, a shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 200 cikin ɗari ana kwana a layin burodi da na mai. Kuma ko a rabon diyyar Ba'amurke ya fi ɗan Kenya da ke aiki a ofishi ɗaya da shi samu, talakawan Nairobi da bam ya rutsa da su a titi kuwa ba su cikin lissafin. Sannan aka haɗa da maganar ƙulla hulɗa da Isra'ila, aka sanar a Oktoban 2020, me ya haɗa wannan da ko ƙasa na ɗaukar nauyin ta'addanci ko ba ta yi, oho. Ranar 14 ga Disamban 2020 aka cire sunan, bayan shekara 27.

Lokacin kam na ga fuskar Alhaji ta ɗan sauya. A Fabrairun 2021 gwamnatin Hamdok ta karya fam daga 55 zuwa wajen 375 don ya yi daidai da kasuwa, bankunan Khartoum suka fara fitar da katin Visa, mutane suka fara gwada banki, shi ma dole ya sassauta farashi har yana kirana yana tambayar ya mutanen Mai Wurno, abin da bai saba ba. Bai daɗe ba. Janar Burhan, shugaban sojan ƙasar, ya yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoban 2021, tallafin waje ya tsaya, maganar yafe bashi ta tsaya. Sai 15 ga Afrilun 2023 cikin azumi yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun ko-ta-kwana na RSF da Janar Hemedti ke jagoranta. Allah ya sa ƙanwata ta gama ta dawo kafin nan.

A nan ne zan yabe shi tsakani da Allah. Suk al-Arabi ta watse, bankunan Khartoum an fasa an kwashe, abokin hulɗarsa ya gudu Port Sudan da iyalinsa, amma cikin ɗan lokaci suka sake ɗaura zaren. Yanzu ba zuwa karɓa ake ba, ta Bankak ake turawa, manhajar Bankin Khartoum ɗin nan da kusan kowa a can ke rayuwa da ita, ka ba da lambar asusu a tura kai tsaye ya turo maka hoton shaida. A Fabrairun 2024 da netwok ya ɗauke a kusan duk ƙasar, kuɗina na hannunsa ba hanyar isarwa, shi ya kira ni da kansa ya ce Malam ko ka zo ka karɓi abinka ko ka bari sai layi ya dawo, kuma ya riƙe mini a lissafin dala don kar faɗuwar fam ta cinye shi. Ba kowane ɗan canji ke yin wannan ba. Haka da RSF ta shiga Singa, babban birnin jihar Sinnar, a ƙarshen Yunin 2024 mutanen yankin suka watse, wasu dangin namu suka nufi Gadarif, shi ya nemo wani mai shago a can da ke ba da tsabar kuɗi. A lura dai, mai mayar maka da kuɗin Bankak zuwa tsaba a can shi ma yana yankar nasa kaso kuma ba kaɗan ba, wannan ba a hannun Alhaji yake ba amma ka sa shi a lissafinka tun daga nan.

Sauran abin da ban so ba ƙananan abubuwa ne amma suna taruwa. Rasit ɗinsa takardar littafin makaranta ce aka yaga aka sa hannu, in yau ya faɗi ya mutu, Allah ya kiyaye, ban san wa zan nuna wa ba. Yaran shagon in sun ga kuɗinka kaɗan ne sai ka yi ta zama a benci ana sallamar masu jaka, lokacin Hajji da Umarar azumi kuwa kar ma ka je, riyal kawai suke gani. Akwai ranar da aka samu jinkiri ba wanda ya kira ni, ni ne na yi ta kira ana cewa yanzun nan yanzun nan har dare, alhali tsohuwa na can tana jiran kuɗin magani. Washegari an tura, an ba ni haƙuri, amma kira ɗaya ai ba ya cin komai.

Wani abu da ya sauya kuma, da can ba ruwansa da ko kai waye, yanzu sai ka kawo katin ɗan ƙasa ya ɗauki hoto, ya tambaye ka wanda za ka tura wa meye haɗinku, baƙon fuska kuwa sai da wanda zai tsaya masa. Wasu na jin haushi ni ban ga laifinsa ba. Tun da labari ya fito a 2020 cewa kotu a Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Najeriya shida kan tura wa Boko Haram kuɗi, sannan a 2021 jami'an tsaro suka yi ta kamen 'yan canji har da na Kano, kowa a kasuwar ya shiga taitayinsa. Hanyar da ke kai kuɗin magani Mai Wurno ita ce dai wani zai iya bi ya kai kuɗin harsashi wani wuri, gara ya tambaya. A Maris ɗin 2024 kuma Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji sama da 4,000, don haka kai ma kana da damar ka tambayi duk shagon da ka shiga matsayin takardunsa, ba rashin kunya ba ne.

In maki zan ba shi, bakwai cikin goma. Ya dace da mai tura kuɗin cefane ko na asibiti ko na makaranta, kaɗan kaɗan. Babban kuɗi irin na sayen gida ko kaya ban ba ka shawarar ka danƙa a kan takardar littafi ba, raba shi, in kashin farko ya isa ka ba da na biyu. Kafin ka tura naira sa shi ya rubuto maka adadin fam ɗin da zai fita a WhatsApp, ba a baki ba, kuma ka karanta masa lambar asusun da sunan mai shi a tabbatar, don in kuɗi ya faɗa asusun wani a ƙasar da ake yaƙi sai dai addu'a. Ka kuma zagaya shago biyu uku ka ji farashi kafin ka zauna, ya fi sassauci in ya san ka tambaya.

Yana yin Chadi da Masar da Saudiyya da Dubai, Masar ma yanzu ta fi yawa tun da 'yan Sudan da ɗalibanmu da yawa sun koma Alƙahira. Iran ce kawai ba ya taɓawa, ita tun 1984 take cikin jerin kuma tana nan. Wani maƙwabcina da ɗansa ke karatu a Kum ya roƙe ni in kai shi, na kai shi, Alhaji ya saurare shi tsaf ya sa aka kawo masa shayi, sannan ya ce Malam ka yi haƙuri, ina da 'ya'ya ƙanana.